Shekarar da Mura Ta Kayar da Kakarmu

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ƙarambau ya shigo gidanmu na Shahuci. Na gama sakandare ke nan, har na fara aske gemun da bai gama fitowa ba, amma bai raga mini ba. Aka jera mu, yaran gidan, a ɗakin kakarmu, an shafe mu da farin magani tun daga goshi har ƙafa. Duk wanda ya dubi ɗan'uwansa sai ya fashe da dariya, dariyar ta tayar da ƙaiƙayi, susa kuma ta jawo duka a hannu daga tsohuwa.

Kakar nan tamu ita ta haifi babanmu. Ita kaɗai take shiga cikinmu ba fargaba. Tana cin tuwo a kwanonmu, tana kwanciya a tsakiyarmu, ko ƙurji ɗaya bai fito mata ba. Abin ya hau mata kai. Duk maƙwabciyar da ta zo dubiya sai ta naɗe hannun riga ta nuna mata lambar da aka yi mata a damtse zamanin agana, ta ce tun daga ranar cuta ta daina yi mata sallama. Ni kuwa, da yake maigidanta take kirana, irin wasan kaka da jika, ta ce ta fasa, ba za ta zauna da mai kama da zabo ba.

Goggonmu, ƙanwar babanmu, ma'aikaciyar jinya ce. Ta gaya mata lambar ta agana ce kawai, ba ruwanta da ƙarambau. Abin da ya cece ta shi ne ta yi shi tana ƙarama, jikinta ya riƙe kamanninsa. Tsohuwa ta ce ta ji, amma ba ta yarda ba.

Mun warke, damina ta yi nisa, sai wata mura mai zafi ta ratsa unguwa. Wadda ta fara kayarwa a gidanmu ita ce kaka. Da hantsi muka jiyo atishawa daga ɗakinta, irin wadda ta sa kaji suka watse a tsakar gida. Muka ruga. Ga ta lulluɓe da zannuwa, murya ta dushe, ido na ruwa. Sannu muka je yi mata, amma ƙanwata ta tambaya cikin ladabi ko lambar ce ta ƙare a je a sake yi mata wata. Muka zube ƙasa don dariya. Ta jefe mu da mafici.

Da goggo ta kawo magani, tsohuwa ta tsare ta da tambaya. Ta ce tun kafin a haifi babanmu take yin mura, kusan kowace shekara, to me ya hana jikin nata riƙe kamanninta, ko shi ma tsufa ne ya sa ya fara mantuwa.

"Bai manta ba, Iya," in ji goggo. "Ƙarambau da fuska ɗaya yake zuwa. Mura kuwa kullum sai ta sake kama. Jikinki na ganinta sai ya tuna wadda ya fara gamuwa da ita kina yarinya, ya ɗauko makaman waccan. Wasu su samu, wasu su kuskure. Kafin ya ƙera sababbi kin kwanta."

Ta ƙara da cewa shi ya sa inda ake yin allurar mura, duk shekara sai an sabunta ta.

Kaka ta ja hanci. Can ta ce wato kamar mutanen nan da ta sani da kaki, yanzu sun dawo da manyan riguna suna neman ƙuri'a. Goggo ta ce kusan haka.

"To ni ai nan take na gane su," in ji ta. "Jikin nan nawa ne sakarai."

Ta shiga yi wa ƙirjinta faɗa kamar ɗan da ya ɓatar da aike. Da tari ya sarƙe ta, ta juyo ta ce in ba ta ruwa, ta kira ni da sunan babban yayanmu, jikanta na fari, kamar yadda take kiran duk namijin da aka haifa bayansa. Goggo ta nuna ta da yatsa, tana so ta ce ga shi nan, abin da jikinta yake yi wa mura ke nan, dariya ta hana ta. Tsohuwar ma da ta gane, sai da ta yi hawaye.

Ba a jima ba murar ta bi gidan ɗaki ɗaki. Har goggo mai bayani ta kwanta, kuma ta fi kowa raki. Kafin nan kaka ta miƙe. Ta dama mana kunun tsamiya da citta mai yawa, tana bi tana ɗura mana. Wata yamma babanmu ya sayo gurasa da tsire don marasa lafiya, amma babu mai jin ɗanɗanon komai a cikinmu. Ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta buɗe ƙunshin a cinya, tana ci tana ba mu labarin yadda yajin ya ji ƙuli.