Jirgin da Ya Tashi Daga Zaune

Shekarar da muka samu mulkin kai na zo hutu Bagudo, na tarar ƙanwata ba ta da zance sai na jirgin takarda, irin wanda ake ɗaura wa zare a sake shi sama. Yaran unguwa da gudu suke tayar da nasu a bakin fadama. Ita kuwa shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye. Sau ɗaya aka ara mata, ta yi taku uku ta faɗi, aka yi dariya. Ba ta sake zuwa wurin ba.

Ranar kasuwar Illo na bi kawuna. Akwai wani tela daga Dahomey da ke haɗa jiragen da takardar ƙunshin sukari da ɓawon kara. Iri uku ya rataya: babba mai siffar akwati, wani mai fikafikai, sai wani ƙarami mai kusurwa huɗu da doguwar wutsiya ta ƙyallaye.

Na daɗe tsaye ina auna kowanne a tafin hannuna. Magana da baƙo wuya take yi mini a lokacin.

Kawu ya ce, "Kai, ɗauki babban mu tafi, rana na yi."

Na ce da telan, "Baba, ko zan gwada?"

"Gwada mana, ɗan boko. Ga fili."

Na fita bayan rumfuna inda iskar kogi ke bugowa, na zauna dirshan a ƙasa, na miƙe ƙafa ɗaya. Masu sayar da kifi suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Wanga karatu ya taɓa mai kai! Tashi ka ruga, malam!"

Ban tashi ba. Mai akwatin ya yi nauyi, ya kife. Mai fikafikan ya tashi, ya yi ta juyi, ya caki ƙasa. Ƙaramin na ɗaga sama da hannu ɗaya, na jira. Da iska ta zo sai ya zame daga yatsuna, wutsiyar ta daidaita shi. Sau biyar na maimaita don in tabbata.

Telan ya dubi ƙafar da na miƙe, ya ce, "Ba naka ba ne, ko?"

Na girgiza kai. Ya ƙara mini zare, ya ƙulla shi a guntun kara mai kauri yadda ƙaramin hannu zai riƙe.

Washegari da la'asar na goya ta zuwa bakin fadama, na ajiye ta kan wani kwalekwale da aka kife. Na nuna mata yadda za ta ba iska baya, na koma gefe, na harɗe hannuwana don kada in taimaka.

A karon farko jirgin ya faɗi. A karo na biyu ya tafi, har ya wuce kan giginya.

Ta yi ihu, "Yaya, yana ja na!"

Yaran da ke gudu suka tsaya suna haki. Can wani ya matso ya ce ta koya masa. Ba ta ko dube shi ba, idonta na sama, ta ce, "To, zauna."