Jan Akwatin Tsirkiya

Tsirkiya laƙabi ne, amma ya danne sunan yanka tun da daɗewa, har matarsa ma da shi take kiransa in ranta ya ɓaci. Shekara talatin da huɗu ke nan yana kaɗa jita a ƙungiya ɗaya: bikin aure, liyafar ritaya, taron yaye ɗalibai, duk inda aka kafa rumfa aka jera kujerun roba. Sauran ranaku yana gyaran fanka da dutsen guga a wani ɗan shago. Yatsunsa na hagu sun yi kanta kamar tafin ƙafa. Kuma tun ranar farko wuri ɗaya yake tsayawa, dab da lasifika, kafaɗarsa na gogar katakon, wai a nan yake jin kiɗan har cikin ƙashinsa.

Ƙanwarsa, Auta, ita ce mawaƙiyar ƙungiyar. Shi ya kawo ta tana budurwa, yanzu jikokinta uku, kuma har yau ba a same ta da ɓoye magana ba.

Bara ya fara ƙorafi cewa jitar ta dushe, kamar an lulluɓe ta da bargo. Ya canza tsirkiyoyi, ya canza waya, ya kwance amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, ya hura ya mayar, duk a banza. Sai wani mai shagon kayan sauti ya haɗa shi da wani jan akwati, bai fi sandar sabulu biyu girma ba, mai abin murɗawa biyu da maɓallin da ake takawa da ƙafa. A sa shi tsakanin jita da amfilifaya, in ji mai shagon, zai wanke sautin tas ya fito da ƙyallinsa. Tsirkiya ya murɗe duka biyun har ƙarshe.

Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Kamar ana kankare gindin tukunya da cokali, har haƙora sai sun amsa. Ko bai taɓa jitar ba, lasifikar na ta cuuu kamar mai a kasko. A wata liyafar ritaya Auta ta ga tsohuwar mai liyafar tana cusa takarda a kunne, mutane na jan kujeru baya a hankali. Shi kuwa ido a lumshe, yana murmushi, yana gyaɗa kai.

Akwatin bai ɓata mata rai kamar 'yan ƙungiyar ba. Mai ganga, wanda shi ne shugabansu, ya dafa shi ya ce, "Kai, Tsirkiya, sai kai!" Tsirkiya na juya baya, mai ganga ya ja Auta gefe.

"In ran Asabar ma haka ne, wallahi zan kawo wani. Na ma samu lambarsa. Ki gaya masa, ke 'yar'uwarsa ce."

"Shekara talatin kuna ci a kwano ɗaya, bakinka ne ya yi nauyi?"

"Kin san halinsa."

"Na san naka dai yau." Ta ja tsaki ta bar shi tsaye da sandunansa.

Ran Alhamis da hantsi ta je shagon. Fankoki a kwance ba kai, warin ƙonanniyar waya, rediyo na ihu a kan benci. Sau uku tana sallama yana duƙe bai ɗago ba, sai da ta kashe rediyon.

"A'a, Auta! Shigowa ba sallama?"

"Ɗauko jitar, Yaya. Da akwatin naka."

Da murna ya haɗa, don ba ya gajiya da nuna shi. Ta ce ya juya ya fuskanci bango ya yi ta kaɗawa, ita za ta riƙa taka maɓallin, shi kuma ya faɗa mata ko a kunne yake ko a kashe.

"Ni za ki yi wa jarrabawa? Ke da na goya?"

"Juya dai, malam."

Ya juya. Kafin ya soma ta rage abin murɗawar zuwa rabi. Ta taka, ta sake takawa, ta kuma takawa. Ita tana jin bambancin sarai. In ta rage sosai ma akwatin na ɗan ƙara wa sautin haske, ɗan kaɗan, abin da bai kai wahalar ɗaukarsa ba. Shi kuwa sai canka yake yi, ya dace sau ɗaya ya kuskure sau biyu. Daga nan ta kashe shi gaba ɗaya, ta koma bakin ƙofa ta harɗe hannu.

"Yawwa!" ya ce da bango. "Yanzu ya kunnu. Ji yadda ta washe!"

"Waiwayo."

Ya waiwayo. Ya ga inda take tsaye, ya ga 'yar fitilar akwatin a mace.

"Ba jitar ce ta dushe ba, Yaya, kunnenka ne. Lasifikar da kake runguma ta cinye shi. Kana ƙure wannan abin don ka ji, mu kuma kana yanka mu. Kowa ya sani. Mai ganga ya ce Asabar ce ta ƙarshe in ba ka gyara ba."

"Mai ganga? Shi da ya ce sai ni?"

"Shi fa."

Ya zauna a kan benci, jitar a cinya. Ba ta lallashe shi ba. Lallashi ne ya kawo shi nan.

Ran Asabar, a taron yaye ɗalibai, ya iso da akwatin a hammata, har Auta ta fara haɗiye takaici. Amma ya ajiye shi ƙarƙashin kujera, ya ja waya kai tsaye zuwa amfilifaya, ya koma can ɗaya gefen, nesa da lasifika. Bai dubi kowa ba ya ce, "Auta, zo ki saita min."

Ta saita. Ya kaɗa awa biyu ba murmushi, yana kallon yatsunsa, don a kunnensa bargon na nan. Iyaye suka tashi rawa, ba wanda ya ja kujera baya. Da aka tashi, mai ganga ya zo ya dafa shi.

"Kai, Tsirkiya, sai kai!"

Tsirkiya ya dubi hannun har sai da mai shi ya janye.

Yana nan a ƙungiyar har yau, kuma ba ya taɓa tsirkiya ɗaya sai Auta ta duƙa ta saita masa, ga ciwon gwiwa. Asibitin kunne kuwa sau huɗu tana karɓo masa kati, bai je ba. Jan akwatin na shago, da shi yake tokare ƙofa in iska ta taso.