Yaya Labiba, Wadda Ta Sa Kwamfuta Ta Yi Mini Magana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 17 ga watan Maris na shekarar 2015, ana fitowa daga sallar azahar, Allah ya ɗauki ran yayata Labiba Ilu, bayan jinyar ciwon ƙoda da ba ta daɗe ba. Kafin magariba mun sallace ta a ƙofar gidanmu da ke Zongon Kwatano, muka kai ta makwancinta. Ta bar mijinta Malam Ƙasimu, da 'ya'yanta Husaina da Halilu, da mahaifiyarmu Inna Dijatu, da ni ƙaninta Abdurrashid.

Yaya, masu gaisuwa suna ta zuwa, kowa da abin da yake tunawa game da ke. Ni abin da ke raina ya fi ƙarfin zaman makoki, shi ya sa na keɓe na rubuta.

Lokacin da ƙasar nan ta koma mulkin zaɓe a farkon shekarun casa'in, makarantu masu zaman kansu suka yi ta ɓullowa a gari. Kika je wa marigayi Baba da maganar kina so ki koyi aikin kwamfuta. Baba dillalin shanu ne, bai taɓa taɓa irin wannan na'ura ba, amma ya ce in dai ilimi ne ki je. Bayan kin sami difulom kika kama aiki a wani biro, wato ofishin masu shigo da kaya, a unguwar Ganhi, kina rubuta musu manhaja. Ni ma sawunki na bi, har na sami nawa aikin wajen Malam Dramane, mai biron fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa.

A hannunki na fara ganin Linux. Ga wanda bai sani ba, tsari ne da kwamfuta ke tashi da shi ta yi aiki, kuma ba mallakar mutum ɗaya ba ne, kowa na iya leƙa cikinsa ya gyara. Sai dai iri-iri ne, kowace ƙungiya da nata haɗin. Ke kika riƙe Debian, kika ce shi ne mai natsuwa, ba ya ba mai rubuta manhaja kunya. Ni kuwa na riƙe Mandrake, wanda daga baya ya koma Mandriva, don yana da kyan fuska kuma Faransancinsa ya zauna. Mun shekara muna wannan gardama a tsakar gida, har tuwo ya huce a gabanmu. Wata rana Inna ta gaji, ta ajiye ludayi ta ce, "Wai ni Labiba, wane ne Debiyan ɗin nan da ba ya fita daga bakinki? In mutumin kirki ne, ai sai ya turo magabatansa." Kika yi dariya har da hawaye. Har kika auri Malam Ƙasimu, Inna ba ta daina tsokanarki da wannan suna ba.

Baba ne ya taɓa raba mu. Ya saurare mu, sannan ya ce shi bai gane komai ba, amma a sana'arsa ba a zaɓen saniya don kyan ƙaho. Ya ce ya ga manyan shanun arewa sun zo bakin ruwan nan sun rame, alhali 'yan gajerun ƙasar suna ƙiba a wuri ɗaya. Na lura tun daga ranar, duk wanda ya zo neman shawara, ba kya fara ambaton sunan kowane tsari. Sai kin tambaye shi irin kwamfutar da yake da ita da abin da yake so ya yi da ita. Amma a kan taki kwamfutar ba ki sassauta ba ko kaɗan. Da sabon haɗin da ake kira Ubuntu ya fito, matasa suna ta yayinsa, cewa kika yi kunun jarirai ne.

A shekarar 2008 idona ya fara rufewa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma mun makara. Kafin ƙarshen damina na daina rarrabe haruffa komai girmansu. Malam Dramane ya kira ni, ya yi mini magana mai laushi, ya ce in je gida in huta. Na san abin da hutun yake nufi. Na dawo na zauna a ɗaki, matata Zulaiha tana da tsohon ciki, dangi suna shawarar a kama mata rumfa a kasuwar Dantokpa ta riƙe gidan. Ba sana'ar na raina ba. Abin da ya ci mini rai shi ne, duk abin da na koya yana nan a kaina, amma ƙofar fitarsa ta rufe.

Ranar wata Asabar da hantsi na ji zemijan, babur ɗin haya, ya tsaya a ƙofar gida, na ji takunki. Ba ki yi mini jaje ba. Kika zube jakar fayafai a kan tabarma, kika ce, "Tashi ka ba ni kwamfutarka. Akwai manhajar da ake kira Orca, tana karanta wa mutum abin da ke kan allo. Saura mu sami tsarin da zai yarda da wannan tsohuwar taka."

Nan aikin yake. Kwamfutar tawa 'yar gwanjo ce, an sauya mata kayan ciki kafin ta iso hannuna, katin sautinta kuwa ba wanda ya san asalinsa. Kika fara da Debian ɗinki. Komai ya tashi lafiya, amma sauti shiru. Kika saka Mandriva ɗina, na gyara zama ina jiran in yi miki gori, sai muryar ta fito a kakkarye kamar rediyon da batirinsa ya mutu. Duk Asabar haka kike zuwa. Ki hau zemijan zuwa wani siba, shagon intanet, a unguwar Vêdoko ki sauko da abin da kike nema, ki dawo ki tarar an ɗauke wuta, ki zauna kina fifita kina tsine wa wanda ya ƙera katin. Na ce ki bari, a sayi wata kwamfutar in hali ya yi. Kika ce yatsuna sun riga sun haddace maɓallan wannan, ba za ki haɗa mini makanta da baƙunta ba.

Ban san ranar da kika haƙura kika aro faifan Ubuntu ba. Na dai ji faifai yana juyawa, can sai wata murya mai kaushi ta yi magana da Faransanci, tana faɗin abin da ke kan allo, kalma bayan kalma. Zulaiha ta fito daga kicin da gudu tana salati. Na tambaye ki wanne ne wannan. Kika ce, "Kunun jariran ne." Na buɗe baki zan yi dariya, sai kuka ya riga ta fitowa. Kika dafa kaina kamar lokacin da muke yara, kika ce, "Wanda ya yi maka magana, shi ne namu."

Abin da ya biyo baya Malam Ƙasimu ne ya ba ni labarinsa, ke ba ki taɓa faɗa ba. Ya ce kin saka tsarin a taki kwamfutar a gida, kika lulluɓe allon da mayafinki, kika yi watan azumi cur kina aiki da kunne kawai. Kin ce masa ba za ki koya mini abin da ba ki ɗanɗana wahalarsa ba. Shi ya sa duk inda na yi tuntuɓe, sai in tarar kin riga kin san wurin.

Bayan ƙaramar salla kika riƙe hannuna muka je wajen Malam Dramane. Na zauna na rubuta 'yar manhaja a gabansa, muryar tana bin yatsuna. Da na gama, ya ce in dawo ranar Litinin a gwada. Har yau ina wurin. Da wannan aiki na yi wa ɗiyata suna, da shi nake ci da gidana, da wannan murya kuma nake jin abin da nake rubuta miki yanzu.

Ba ni kaɗai ba ne. 'Yan matan Zongo da yawa a falonki suka fara taɓa kwamfuta, a kan tsofaffin da ofisoshi suka zubar kika tayar da su. Kina da faɗa, kowa ya sani, kuma ba kya son a ce "ba zai yiwu ba" kafin a gwada. Ko a asibiti, da na zo duba ki, muryarki da ƙyar take fita, amma sai da kika ja mini kunne kada in saka sabon tsari sai na fara gwada shi daga faifai, na ji ya yi magana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta ga abin da kowace uwa ke roƙon kada ta gani. Ina yi wa Malam Ƙasimu, da Husaina da Halilu, da abokan aikinta na Ganhi, da duk wadda ta taɓa zama a wannan falo. Allah ya ba mu haƙurin da ya fi ƙarfinmu, ya raya abin da ta bari a kan tafarki nagari.

Ya Allah, ka gafarta wa baiwarka Labiba, ka yafe kurakuranta, ka sa jinyarta ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa ilimin da ta raba ya riƙa isa gare ta. Yaya, rabona da ganin fuskarki tun kina da sauran ƙuruciya. Allah ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, in gan ki da idona.