Tsohon da na kai bakin rijiya

Jama'a, wallahi da ni wannan abu ya faru, shekarun baya, lokacin ina kabu-kabu tsakanin Mayahi da ƙauyukan Sarkin Hausa.

Akwai wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba, mai tsohuwar rijiya wadda Nasara suka sa kakanni suka gina da aikin tilas. Sai ga wasu baƙi daga waje, suka ce za su sa fanfo su kewaye ta da waya, amma ruwa sai wanda ya shiga cocinsu, wai su Allah ya ba ƙasar. Garin kuwa da ma akwai gidajen Kirista tun da daɗewa, ga Musulmi, ga Fulani masu shayar da shanu. Aka kira taro.

Ranar taron, da rana tsaka, wani tsoho ya tsayar da ni a hanya, ba takalmi, kafaɗunsa duk tabon igiya. Ya ce, "Ɗana, kai ni bakin rijiya." Ya hau, amma wallahi moto ba ta ji nauyinsa ba, cikin yashin nan da ko ni kaɗai sai na sa ƙafa.

Muka tarar mutane sun taru gaban baƙin, kowa na tsoron a ce shi ya hana gari fanfo. Tsohon ya sauka ya ratsa su, ina biye da shi, ya leƙa rijiya, ya ce, "Da muna ciki muna gina, ba a tambayi kowa addininsa ba kafin a zuba mai bulala."

Sai Baba Iliya, dattijon Kiristocin garin, ya miƙe, ya ce wa baƙin, "Mu ma Almasihu muke bi, amma ba mu shan ruwa maƙwabci na kallo. Ku tafi da wayarku." Liman ya zo ya tsaya gefensa, mata suka kewaye rijiya da gugansu. Baƙin suka shiga mota.

Na waiga neman tsoho, babu shi. Kowa ya ji maganarsa, kowa ya ɗauka baƙon wani ne. Na duba yashi daga moto har rijiya, sawuna kaɗai ke nan.

Daga baya gari ya haɗa hannu ya gyara bakin rijiyar, har yau kowa na sha. Ni dai duk ranar da na bi hanyar nan sai bayana ya ɗau sanyi. Shawarata, in tsoho ya tsayar da ku a hanya, ku tsaya, ba ku san inda ake jiransa ba.