Yaya Zara'u, Mai Kallabin Jira

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 1986, Allah Ya karɓi ran yayata Zara'u a garinmu Kanan-Bakashe, bayan gajeriyar jinya ta sanƙarau. Daga gare Shi muka fito, kuma gare Shi za mu koma. Ina cikin aji a lakkwal ɗin da nake koyarwa a Tasawa, wani direban motar kasuwa ya leƙo ta taga ya faɗa mini. Na ce masa na gode. Na juya na ƙarasa jimlar da na fara rubutawa a allo, na sa mata aya, sannan na fita. Kafin in isa gida an riga an kai ki makwancinki, Yaya.

Har yau ban yi kuka ba. Ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa, mutane sai yabon haƙurina suke yi. Ba haƙuri ba ne. Jina nake kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa ba ta ji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko zai yi abin da ido ya ƙi yi.

Ke kika raine ni bayan rasuwar Inna. Ke kika ɗinka mini wandon da na fara shiga lakkwal da shi, wando mai faɗin da sai da yara suka laƙaba mini suna Buhu. Na dawo ina gunaguni, kika ce in yi shiru, zan girma in cika shi. Na girma, ban cika shi ba, kuma ba ki taɓa yarda cewa awonki ne ya kuskure ba. Kin ce ni ne na ƙi cin tuwo.

Amma ba da wando ƙasar Mayahi ta san ki ba, da kallabi ta san ki. A shekarun da gwamnatin soja ta rarraba akwatunan talabijin a garuruwa, namu an kafa shi a filin Samariya, wato dandalin ƙungiyar matasan gari, da faranti a samansa mai zuƙar rana. Tele muke ce masa, hotonsa kuma baƙi da fari ne. Kowane mako akwai wani wasan kwaikwayo da ba mai yarda ya wuce shi, ana kiransa "Sai Cindo Ya Dawo". Cindo ɗan cirani ne mai yawan alkawari, matarsa Shatu kuma ta rantse ba za ta canza kallabin da ya bar ta da shi ba sai ya dawo. Da farko dariya muke yi musu.

Sai daminar 1984 ta ƙi. Gero ya bushe a tsaye, awaki suka ƙare, maza suka watse neman abinci. An rufe iyakar Najeriya, amma yunwa ba ta san iyaka ba, ta daji suka bi. Cikinsu har da Ɗan Azumi, ɗanki namiji tilo, wanda kika riƙe shi da ƙanwarsa Zuhura ke kaɗai tun mutuwar mahaifinsu. Sau ɗaya wani matafiyi ya ce ya gan shi yana dako a wata tasha can kudu. Daga nan shiru. Filin Samariya ya koma na mata da tsofaffi, ana kallon Shatu, ba mai dariya.

A lokacin ne wani ɗan kasuwa, Alkasim, ya zo daga Maraɗi da dilar riguna masu hoton fuskar Cindo a ƙirji. Ya yi tsammanin kafin azahar sun ƙare, tunda kowa na son wasan. Ya kasa su a kasuwar Mayahi, ya kasa su a ta Tasawa, mutane suna tsayawa su kalla su wuce. 'Yan kaɗan da suka saya, wanki biyu fentin ya ɓare, Cindo ya koma mai ido ɗaya. Na tambaye ki ko tsada ce ta kashe masa kasuwa, kika dube ni ta saman keken ɗinkinki.

"Haba Mumuni, wa zai salla da huskar wani ƙato bisa ƙirjinshi? Kuma mi za su yi da Cindo? Kowace tana da nata Cindon da ya tahi. Mai kallo ba huskar ɗan wasa yake so ba, abin da zai ɗaura ya ji shi ma yana ciki yake so."

Kika sayi farin akoko, kika aika da shi marinar Tasawa aka turo shi baƙi wuluk, kika yanka shi kallabi, kika yi masa farin baki kamar na Shatu. Ba rubutu, ba hoto. Duk wadda ta taɓa zama a filin Samariya tana hango shi ta gane shi. A shekarar da yunwa ta sa ake jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci a ci, wa ke sayen ado? Amma wannan ba ado ba ne. Mace tana ɗaura shi ta fita rijiya, ba sai ta buɗe baki ta ce mijinta ko ɗanta na hanya ba, kuma ba mai yi mata tambayar da za ta sa ta hawaye. Mata suka sa masa suna Jiran Cindo. Wadda ba ta da halin saye, cewa kike ta kawo tsohon zane, ki yanka ki gyara mata, ki haɗa mata da ɗan dunƙulen fura ta tafi da shi. Na farkon da kika ɗinka kuwa, kanki kika ɗaura wa.

Wata rana wani soja ɗan garinmu ya zo hutu daga Yamai, ya ga rijiya cike da baƙaƙen kallabi, aka gaya masa dalili, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi ya ga matar da ke fitowa a Shatu ido da ido, kuma kallabin nan ja ne jawur, telenmu ce ba ta nuna launi. Gari ya ɗauka. Wasu mata suka ji kunya, suka ce ashe duk wannan lokaci kallabin ƙarya suke ɗaurawa. Ke ko gezau.

"Nasu na Yamai ja ne, namu baƙi. Abin da idonmu ya gani shi munka ɗaura. Amma tunda ya kawo muna jan, ba za mu bar shi ya koma da shi ba."

Daga ranar kika riƙa ɗinka shi fuska biyu, baƙi a waje, ja a ciki. Kika ce duk wadda nata ya dawo, ta juya. Waɗanda suka riga suka saya, kika karɓa kika sa musu jan kyauta. Tun daga Cake har Kona labarin ya kai. Da safe ana hango jan kai ya nufo rijiya, kafin ta iso an fara guɗa. Zuhura ta ce mini ke kike riga kowa zuwa barka, ki rungume matar, ki yi mata addu'a, ki dawo gida ki hau keke ki yi ta ɗinki.

A farkon watan nan aka buɗe iyaka. Motoci suka riƙa sauke maza a tasha, ramammu, wasu da buhu, wasu da sanda kawai. Rijiya ta yi ja. Kullum kina tsaye a tasha cikin zafin nan, kina duba fuskar duk wanda ya sauko, kina tambaya ko an ga wani dogo mai tabo a gira. A can ciwon kai ya fara kama ki. Zuhura ta ce ko da wuyanki ya sanƙare, in kika ji ƙarar mota sai kin yunƙura. Naki bai juya ba, Yaya.

Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya sa jinyar da kika yi ta zama kaffara. Ya saka miki da alherin da kika yi wa matan da ba su da mai share musu hawaye, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Zuhura da 'ya'yanta, da dangi na Kanan-Bakashe da Mayahi da Tasawa, da dukan matan da suka cika gidan makoki har bakin zaure. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Saura mutum ɗaya da ya fi kowa cancantar gaisuwa, shi ne kuma bai ji ba. Duk wanda wannan rubutu ya iske, in ya san wani Ɗan Azumi ɗan Kanan-Bakashe, dogo mai tabo a girar hagu, don Allah ya zaunar da shi a inuwa tukuna, ya ba shi ruwa, sannan ya faɗa masa. Ya ce masa mahaifiyarsa ba ta taɓa yin fushi da shi ba. Ya ce masa ya taho gida ko da hannu Rabbana ne, ba mai tambayarsa abin da ya kawo. In kuwa shi ma ya riga mu gidan gaskiya, to Yaya, kin riga mu samun labarinsa. Allah Ya haɗa ku cikin rahamarSa.

Ƙanenki, Mumuni