Jarkar da Muke Kai Kunu Gona

Ina da cikin ɗiyata ta fari wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni a wurin awo a Zuru, ta ce ana wani bincike. Za a riƙa bin yara tun suna ciki har su girma, a ga yadda hayaƙi da ruwa da magungunan gona ke taɓa lafiyarsu. Nan take na yarda. Mijina soja ne, yana can wurin aiki, ni kuma ina zaune da mahaifiyarsa, ina marmarin ko da mai tambayata yadda na kwana.

Duk shekara mata biyu kan zo a kan babur. Babbar, wadda muke kira Malama, ita ce mai tambaya, kuma ba ta gajiya. Da me kuke girki? Ina kuke ɗiban ruwa? Sai ka ce auren gidan za ta yi. Ranar da ta ce, "Kuna zuba abin sha a jarkar maganin feshi?" na ce a'a, ko ido ban ƙifta ba.

Ƙarya na yi. Duk daminar da nake da cikin, a farar jarkar maganin ciyawa muke kai kunu gonarmu ta hanyar Mahuta. An wanke ta da toka da omo, ga ƙwari ga murfi mai kyau, kowa ma a unguwa haka yake yi. Yadda Malama ta yi tambayar ne ya nuna mini abin ba daidai ba ne, kunya ta rufe mini baki.

Yarinyar ta taso da ciwon ƙirji. In ya motsa, numfashinta kan yi ƙara kamar usur. Duk sanda na gan ta tana haki sai jarkar nan ta faɗo mini a rai, ban kuwa gaya wa kowa ba.

Da ta shekara shida haƙoranta suka fara girgiɗa. Malama ta kawo 'yar kwalba, ta ce in haƙori ya fita mu ajiye musu, domin yana riƙe alamar abin da ya shiga jikin yaro tun yana ciki. Nan na gane haƙorin zai iya tona ƙaryata.

Surukata ta ce allambaram. "Haƙorin ɗiya? Mi za su yi da shi? Ba a ba baƙo abin jikin mutum!" Ranar da na farko ya fita, da kanta ta jefa shi kan rufin ɗaki yadda aka saba. Na nuna kamar raina ya ɓaci, alhali daɗi na ji.

Sai ciwon ya tashi da ƙarfi, muka kwana uku a asibiti. Da Malama ta zo duba mu a gida, na kasa riƙewa, na gaya mata gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta zaro takarda ta gyara amsar.

Na ce, "Malama, ni na jawo mata?"

Ta ce, "Ban sani ba, Maman yarinya. Wataƙila jarkar ce, wataƙila hayaƙin itace, wataƙila ba ko ɗaya. Sai yara da yawa sun girma za a gane."

Haushi ya kama ni. Shekara shida ina amsa mata tambayoyi, tawa guda ɗaya tak ta gagare ta! Surukata na gefe tana ɓarar gyaɗa, ko kai ba ta ɗaga ba.

Da suka dawo wata shekarar, ba su gama jingine babur ba tsohuwar ta fito. Ta kwance bakin zanenta, ta miƙa wa Malama ɗan ƙaramin haƙori. Na biyun da ya fita ne, ban ma san ta ɓoye shi ba.

Ta ce, "Ga shi, ɗiyata, ku duba da kyau. Wagga, uwar yarinya, ba ta da laifi. Ni na wanke jarkar, ni na ce ta sha."

Ashe duk shekarun nan mu biyu muke kwana gida ɗaya da abu ɗaya a zuciya.