Jallabiyar Mitwalli a Saman Soro

A unguwar masunta ta garin Rashid, inda kogi ke shiga teku, in ka zauna shan shayi, za ka ji an ce aljanin ruwa ne ke auren Insaf. Wai da tsakar rana yake fitowa daga kogi, tsawonsa ya kai hasumiyar masallaci, ya tuɓe rigarsa ya ajiye mata a saman soro, ita kuma ta wanke ta shanya. Wasu har sun rantse sun ga sawunsa, yatsa ɗaya kamar faranti. Ƙarya ce tsagwaronta. Taubashiyata ce, 'yar gwaggona, tare muka yi wasan ƙasa, kuma na san bakinta: duk aljanin da ya aure ta, da tuni ya koma ƙarƙashin teku ya ja ƙofa ya sa sakata. Rigar ta mijinta ce, Mitwalli, ɗan Adam mai tumbi da tarin taba.

A unguwarmu igiyar shanya magana take yi. In mai gida ya fita teku, matarsa kan rataye jallabiyarsa a ƙarshen igiya, ɓangaren da ke kallon kogi, don in jirgi ya shigo ya hango ta ya san gida lafiya, ana jiransa. In kuwa ya mutu, sai ta wanke ta, ta shanya ta baibai sau ɗaya, ta bushe, a bayar sadaka. Wanda duk ya ga rigar namiji baibai a igiya ba ya tambaya, gaisuwa kawai yake zuwa.

Mitwalli ya fita wata shekara da sanyi, lokacin ɗansu Shauƙi bai san sa takalmi daidai ba. Jirgin bai dawo ba. Matan sauran mutanen jirgin, ɗaya bayan ɗaya, suka juya rigunan mazansu. Insaf ta ce ita ba ta ga gawa ba. Kowace ranar wanki sai ta ɗauko shuɗiyar jallabiyar, wadda ba mai sawa, ta wanke ta tare da sauran kaya, ta hau soro ta rataye ta daidai, aljihu a waje.

To, ga abin da ke hana mutane sakewa. Zannuwan gado kan bushe kafin azahar, har bargo ya bushe, amma jallabiyar nan tana ɗiga har la'asar. Da ruwan famfo ake wanke ta, amma inda take ɗiga farin gishiri ya taru a ƙasa. Ranar da babu iska ko ta kaɗa gashin kaza, sauran kaya suna rataye kamar matattu, ita sai hannunta na dama ya ɗaga a hankali ya nuna kogi. Kyanwar gidan, wadda ba ta tsoron kare ba ta tsoron Allah, zagayawa take yi ba ta bi ƙarƙashinta. Insaf ta san duk wannan. Takan zauna a inuwar tanki tana ɓare wake, ba ta kallon rigar sosai, kamar yadda mace ba ta ƙura wa mijinta ido a gaban mutane.

Shekaru suka ja, gwiwoyin Insaf suka fara kuka. Likita ya ce ta rabu da matattakala. Shauƙi, wanda yanzu yake walda a Italiya, ya aiko da injin busar da kaya, fari ƙal, girmansa ya kusa ɗakin amarya. Ya bugo waya ya ce a kwance igiya.

"Umma, ko damina ko hazo, ki zuba ki danna, shi ke nan."

"Shi ubanka ta ina zai hango cikin akwati?" in ji ta. Ta ajiye wayar a kan tire yana ta magana.

Dalal, matar Shauƙi da ya bari a gidan, 'yar birni ce, ba ta san maganar igiya ba. Ranar nan Insaf ta kwanta da zazzaɓi, ita kuwa don neman lada ta kwashe wankin duka ta zuba a injin. Insaf ta farka da jin wani ƙugi a cikin gida, kamar igiyar ruwa tana dukan katako, ga wani abu yana ƙwanƙwasa gilashin daga ciki, ƙwas, ƙwas, a kowane juyi. Ta taso tana dafa bango. Maɓallin wuyan jallabiyar ne.

Injin ya tsaya. Dalal ta buɗe, ta zaro ta tana murmushi. Jallabiyar ta bushe ƙayau, karo na farko tun tafiyar mai ita. Da ɗumi kamar yanzu aka cire ta daga jikin mutum. Kuma ta fito baibai, ɗinki a waje, har hannayen biyu.

"Wallahi Umma ban juya ta ba. Haka yake yi wa kaya wani lokaci."

Insaf ta karɓe ta. Ta rungume rigar a ƙirji, tana tsaye, har ɗumin ya fita. Kyanwa ta zo ta goga jikinta a gefen rigar. Wannan ne ya fi tsorata Dalal, ta fashe da kuka.

Da la'asar na je duba mara lafiya, ban same ta a gado ba. Tana soro, tana haki, ta sa hannu cikin hannun rigar tana mayar da shi daidai. Ta tsoma ta a bokiti ta rataye a ƙarshen igiya.

Na ce, "Uwar Shauƙi, ki ji tsoron Allah. Injin Turawa ma ya yi miki ta'aziyya. Ki ba ni jallabiyar nan in je Juma'a da ita, ko ya samu lada."

Ba ta ko waiwayo ba.

"Abin da bai taɓa ganin teku ba ne zai gaya mini labarin teku? Kai dai Zaglul, leƙa soron gidanka. Kana raye, kana cin wake, matarka kullum baibai take shanya taka."